Haruffan da na soya wa Malam

Ni ban iya karatu ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, ita malamar firamare ce a nan Azare, na kuma ce mata duk abin da na faɗa ta sa shi yadda na faɗa, kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya. Mijina ya rasu. Ban daɗe da fita takaba ba, kuma har yanzu idan na ji sallamar namiji bayan la'asar sai na miƙe in ɗauko buta, kafin in tuna. Ina kuka, ba na ɓoyewa. Amma ba kukan nake so a rubuta ba. Abin da wani mutum ya yi wa sunan mijina, da abin da ni na yi masa, shi nake so a rubuta.

Malam, haka nake kiran mijina, ya koyar a wata ƙaramar firamare a wani ƙauye da ke kan hanyar Shira. 'Yan aji biyu aka ba shi. A lokacin yara ba sa zama. Da safe ajin zai cika, 'ya'yan gari da 'ya'yan Fulanin rugagen da ke kewaye, amma da zarar an tashi tara sai su watse, wasu gona, wasu kiwo, wasu gindin tsamiya kawai. Sauran malamai bulala suka sani, da kamun kunne, da tsallen kwaɗo. Malam bai iya duka ba. Yakan dawo gida ya zauna a kan turmi ya ce, “Yau ma benci na koya wa karatu.”

Ni kuwa sana'ata ƙuli-ƙuli. Gyaɗar gonarmu nake soyawa, in murje, in kai inji, in matse mai, in murza tunkuzar in soya. Wata rana yana zaune yana kallona ina murzawa, wasu in yi su dogaye, wasu in haɗa bakinsu su zama zobe. Sai ya ɗauki zobe ɗaya ya ɗaga.

“Kin san kin yi rubutu?”

Na ce, “Malam, idan yunwa kake ji ka faɗa.”

Bai kula ni ba. Ya ɗauki tsinke ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana wasu abubuwa ya ce in gwada murza irinsu. Na farko duk sun karye a cikin mai. Sai da na gane a kaurara gaɓoɓin, a kuma rage wuta, sannan suka fara fitowa lafiya. Sunayensu na boko ba su taɓa zama a kaina ba, sai na raɗa musu nawa. Akwai tsani, akwai gwafa, akwai maciji, akwai ƙugiya, akwai mai ciki biyu. Yakan leƙo madafa ya ce, “Yau a yawaita gwafa, yarana sun kasa ta.” Ni kuma in ce gwafa tana cin tunkuza, sai ya ƙaro gyaɗa.

Ga yadda yake yi da su. Ba da safe yake fito da ƙwaryar ba, sai an dawo daga tara. Kuma ba kullum ba, babu yaron da ya san ranar, don haka kowa ke dawowa ko za a dace. Yaro zai rufe ido ya sa hannu ya zaro ɗaya. Zai faɗi sunan harafin, ya kawo kalmar da ta fara da shi, ya rubuta a allo, sannan ya ci. Wanda ya kasa ba a karɓewa, ba a kuma yi masa dariya. Sai a ce ya zaɓi wanda zai taimake shi, idan sun samu su raba biyu. Nan da nan masu ƙoƙari suka koma zama kusa da marasa ƙoƙari, kowa yana lallaɓa nasa. Ɗan Fulanin da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, Malam yakan ce ya kawo kalmarsa da Fulatanci ya koya wa ajin, har shi Malam ɗin ya maimaita, su yi ta dariyar yadda yake karya ta. Da suka yi nisa sai ya riƙa zuba wa kowane benci nasa, ya ce babu mai ci sai sun haɗa kalma.

Kafin damina ta fita ajin nan ya daina watsewa. Matan ruga suka fara tsayawa a ƙofar gidanmu suna zuba mini nono, in ce na mene ne, su ce yaronsu ya rubuta sunan saniya a ƙasa. Ko sau ɗaya ba mu karɓi komai a hannun yaro ba. A rubuta wannan da kyau.

Hedimastan makarantar shi ke riƙe da aji shida. Dogo ne, mai son a rusuna masa. 'Yan ajinsa suka fara sulalewa suna maƙalewa a tagar aji biyu. Iyaye idan sun zo sai su fara gaida Malam kafin su isa ofis. Malam ya gaya mini mutumin ya rage amsa masa gaisuwa, na ce ya yi hankali, ya ce ai aiki ɗaya suke yi.

Ranar da abin ya faru, ƙulin bai huce ba har Malam ya tashi fita, sai ya ce in kawo masa lokacin tara. Ban san manya daga ofishin ilimi za su zo duba makarantar ba, shi ma bai sani ba. Na ɗora ƙwarya a ka, na rufe da faifai, na tafi. Ina shiga filin na tarar an tara yara duka a layi, ga baƙi a kan kujeru, ga Malam a tsaye a tsakiya shi kaɗai. Hedimasta ya hango ni, sai fuskarsa ta washe.

“Madalla. Ga ma mai kayan ta iso da kanta.”

Ya tako ya sauke ƙwaryar daga kaina, ni matar aure, a gaban maza. Ya juya wajen yara.

“'Yan aji biyu, kuna cin ƙuli a cikin aji?”

Suka ce, “E.”

“Na wa?”

“Na matar Malam.”

Ya dubi baƙin ya ce, “Kun ji da kunnenku, ranku ya daɗe. Gwamnati ta gina aji, shi ya mayar da shi kasuwar matarsa. Wannan ba malami ba ne, mai talla ne.”

Babu wanda ya tambayi yaran ko suna biya. Malam ya ce, “Ranka ya daɗe, ba haka ba ne,” sai aka ce ya yi shiru, ba a ba shi izinin magana ba. Hedimasta ya kifar da ƙwaryar a ƙasa ya bi da takalmi yana murƙushewa. Wata 'yar ƙaramar yarinya ta sunkuya za ta tsinci ɗaya, ya zuba mata bulala a hannu. Ni ina tsaye da gammo a ka. Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni gida ba.

Aka yi wa Malam canjin wajen aiki zuwa wani ƙauye can bayan Katagum, wajen kogi, inda ruwa ke yanke hanya da damina. Sunan ya riga mu isa. Ranar da muka sauke kaya na ji yara a bayan danga suna cewa malam mai talla ya zo. Iyaye suka riƙa ja wa 'ya'yansu kunne kada su shiga ajinsa da ko sisi. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda ya koya wa aiki suka zama shugabanninsa, shi yana nan inda yake. Bai sake cewa in murza masa harafi ba. Da na yi masa tayi sau ɗaya, sai ya tashi ya bar mini wurin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da nake kakkaɓe jakarsa na ga bulala a ciki. Na ɗaga na ce, “Malam, wannan fa?” Ya ce, “Ita ce ba a korar mutum a kanta.” Mutumin da ke dawowa gida da labarin kowane yaro ya koma ba ya cewa komai sai sannu da gida. Da ya yi ritaya muka dawo Azare, har a nan idan za a yi kwatancen gidanmu sai a ce gidan malam mai talla. Masu faɗa ba su ma san asalin maganar ba. Hawan jini ya kama shi, ya kwanta, ya tafi da sunan nan a kansa.

Hedimasta ya zo gaisuwa. An gaya mini ya zauna a tabarmar gaba, ya ce marigayi mutumin kirki ne, sun yi aiki tare lafiya. Na haɗiye wannan. Ina cikin takaba kuma 'yata ta je wata bita da aka shirya wa malamai a kan yadda za a jawo hankalin yara su so karatu. Aka gayyato shi a matsayin dattijo mai gogewa. Ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a gabana.

“Inna, kin san abin da mutumin nan ya ce? Wai a zamaninsa shi ya ƙirƙiro haruffan ƙuli-ƙuli. Har da rufe ido, har da raba biyu. Aka yi ta tafa masa.”

“Ke kuma me kika ce?”

“Inna, a gaban shugabannina?”

Ban yi mata faɗa ba, aikinta take tsoro, kuma na ga abin da aka yi wa ubanta. Amma tun daga ranar na daina roƙon Allah ya ba ni haƙuri. Na koma roƙon ya kawo mini mutumin nan har gida.

Ya kuwa kawo shi. Bayan na fita takaba sai aka ce ya samu kujerar Makka. Kowa ya san mai tafiya aikin Hajji yakan zaga dangi da abokan zama ya nemi a yafe masa, don kada ya je da haƙƙin wani a wuya. Yawanci ba a ma bari ya rufe baki, sai a ce babu komai, Allah ya yafe mu duka, a sa mu a addu'a. Wata safiya sai ga ƙanin Malam ya shigo ya ce na yi baƙo a zaure. Na sa hijabi na fita. Ya tsufa, ya rame, yana dogara sanda. Bayan gaisuwa ya ce,

“Hajiya, tafiya ta kama ni.”

Na ce, “Ni ban je ba, Hedimasta, kada ka ɗora mini.”

Ya yi 'yar dariya. “To, matar Malam. Zaman tare ba a rasa saɓani. Idan akwai abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, na sani ko ban sani ba, a yafe mini.”

“Wanne daga ciki? Wanda ka sani, ko wanda ba ka sani ba?”

Ƙanin Malam ya ce, “Haba Yaya, dattijo ne fa ya tako.”

“Na ga ya tako. Ranar ma takowa ya yi.”

Na juya wajen Hedimasta. Na ce masa ban yafe ba, kuma ba zan yafe a zaure ba, don ba a zaure ya yi ba. Idan yana son kalmar nan daga bakina, ya koma filin makarantar, a tara waɗanda suka yi aji biyu a hannun Malam, ya faɗa musu gaskiyar abin da ya yi. Ya yi hakan, ni kuma na yi alkawari zan ba shi.

Ya ce, “Da girmana? Abin da ya wuce shekara da shekaru?”

Na ce, “A gidan nan bai wuce ba. Allah ya kiyaye hanya.”

Hedimasta ya turo limamin unguwarmu. Liman ya zauna ya yi mini nasiha mai daɗi a kan ladar mai yafiya. Na saurara har ya gama, sannan na ce, “Allah gafarta Malam, tambaya ɗaya. Dole ne?” Ya ce ba dole ba ne, haƙƙina ne, amma yafewar ta fi. Na ce to a bar ni da wanda bai fi ba.

Ban kuma zauna ba. Ni da ba na son yawo, na shiga zuwa kowane suna da kowane biki. A wajen inji, a layin asibiti, a gidan rasuwa, duk inda mata suka taru sai na ba da labarin ƙwaryata daga farko har ƙarshe, in rufe da cewa mai wannan aikin yana shirin tafiya Makka, kuma ya zo neman yafiya na hana. Da gangan na yi. Na san mata za su kai wa mazansu, mazan su kai majalisa. Ba a jima ba aka fara tambayarsa a ƙofar masallaci, “Alhaji, an daidaita da matar Malam kuwa?” Matarsa ta zo ta yi kuka ta ce ba ya iya cin abinci. Na ba ta ruwa ta sha, na ce nawa mijin ya daɗe bai ji daɗin tuwo ba kafin ya mutu.

Da aka fara kiran maniyyata zuwa Bauchi, sai Hedimasta ya aiko ƙanin Malam ya ce ya yarda.

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Muka shiga mota ni da 'yata muka tafi ƙauyen. Rabona da filin nan tun ranar. Mai gari ya sa an yi shela, mutane kuwa sun zo fiye da yadda na zata. Yaran Malam sun zama magidanta, wasu da furfura a gemu, wasu sun taso daga ruga da sandunansu a kafaɗa. Mata suka tsaya daga baya, na shiga cikinsu. Matasa suka ɗaga wayoyi.

Hedimasta ya miƙe a kan sandarsa. Ya yi salati, ya yi godiya, ya ce a shekarun baya an samu rashin fahimta tsakaninsa da wani abokin aiki, kuma ɗan Adam ajizi ne. Ya nemi ya zauna.

Na ɗaga murya daga bayan mata na ce, “Ba a ji ba.”

Kowa ya waiwayo. Ban taɓa magana a gaban maza masu yawa haka ba. Na ce, “Ranar ka yi wa yara tambaya biyu ka bar ɗaya. Ga su nan. Yi musu ta ukun.”

Ya juya wajensu. Sannan ya ce, a hankali, “Kuna biya?”

Wani Bafulatani dogo ya ce, “Biya da me, Hedimasta? Ko wando ba ni da shi a lokacin.” Aka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri. Wata mata a kusa da ni ta ce, “Ba mu taɓa biya ba. Ni ce ka doka a hannu.”

Na ce, “Ka sani a ranar, ko ba ka sani ba?”

“Na sani.”

“Wa ya ƙirƙiro haruffan?”

“Shi ne. Shi da ke.”

“To don me?”

Ya ce, “Ajinsa yana cika, nawa yana watsewa. Ƙarya na yi masa. Malami ne, ya fi ni.” Hawaye ya gangaro masa cikin gemu.

An ce mini a irin wannan lokaci tausayi ke kama mutum. Ni bai kama ni ba. Daɗi na ji, har cikin ƙashina, kuma na so a ce filin ya fi haka cika. Na bar shi a tsaye a rana, ban yi sauri ba. Sai da mai gari ya ce, “Inna, ya cika nasa,” sannan na fito gaba.

Na ce, “Na yi alkawari, ba zan saɓa ba. Sauke mini ƙwarya da ka yi a gaban maza, da gyaɗata da ka taka, da kunyar da na sha, na yafe. Wannan nawa ne. Abin da ka yi wa Malam kuwa ba a hannuna yake ba, bai kuma bar mini saƙo a kai ba. Sai kun haɗu.”

Ya zame ya zauna a ƙasa, ba a kan kujera ba. Wasu suka ce na yi tsauri. Liman ma da labari ya kai masa ya ce da na haɗa duka na yafe a madadin marigayi. Na ce ban san ana yafe abin wani ba.

Ya tafi Makka ya dawo. Na ji an daina kiransa bita, kuma abin da aka ɗauka a waya ya zaga malaman Azare har Katagum. Ban aika masa barka da sauka ba. Ba zan ce zuciyata ta yi sanyi ba, ɗakin Malam yana nan a rufe, kuma duk abin da aka faɗa a filin nan bai ji ko ɗaya ba. Wannan ne ke sa ni kuka har yanzu. Da mutumin nan ya faɗi haka tun Malam yana da rai, da wataƙila ya sake shiga aji da fara'arsa ko sau ɗaya.

A ranar Juma'ar nan, da za mu dawo, mun tsaya a bakin titi muna jiran mota. Wata ta tsaya, yaron motar ya tambayi inda za mu sauka a Azare. Kafin 'yata ta buɗe baki, wani magidanci daga cikin waɗanda suka rako mu ya leƙa ya ce wa direban, “Ka kai su har ƙofa. Gidan Malam na aji biyu, bayan kasuwa. Matarsa ce.” Na shiga na zauna, na ja hijabi na rufe fuskata, ban buɗe ba har muka iso.